Yadda muka gano ɗana ba ya bambance ja da kore, ashe a wajen Babana ya gado

Ni dai har yau in na tuna faɗan da na yi wa yaron nan a kan fensir ɗin kala sai naji wani iri a raina. Shekararsa 7 lokacin, aka basu aikin gida su zana bishiya su shafa mata kala, ya zauna ya duƙufa ya shafe ganyen nan tas da ruwan ƙasa, gindin bishiyar kuma ya sa masa kore, ya kawo min yana washe baki wai Mama kalli. Nace wannan wace irin bishiya ce, ka taɓa ganin ganye haka? Yace ai kore ne. Nace to ɗauko min kore na gani, ya miƙo min ruwan ƙasa. Nace ɗauko ja, sai ya tsaya yana jujjuya guda biyu a hannu yana kallon fuskata, so yake ya karanto amsar a idona. Ni kuwa na ɗauka wasa ne ya yi masa yawa, dan yaro ne mai kai wallahi, a lissafi babu mai ja da shi a ajinsu, to ta yaya za a ce mai yin lissafi da ka ya kasa sanin ja da kore? Na yi masa tatas har da ɗan rankwashi, ya yi kukansa ya gaji.

Daga baya ne abubuwa suka riƙa dawo min ɗaya bayan ɗaya. Akwai wata fitilar caji da muke da ita, in tana caji ɗan hasken jikinta ja ne, in ta cika ya koma kore, sau nawa zan aike shi ya dubo ya dawo yace min shi dai yaga wuta a kunne. Safa kuwa ba a magana, ya sa ƙafa ɗaya wannan ɗaya waccan ya kuma rantse iri ɗaya ne. Malamarsu ma ta taɓa turo min saƙo cewa baya bin umarni in an ce a ja layi da jan biro. Abbansu ne yace maimakon wannan faɗan da kike yi kullum mu kai shi a duba idonsa mana, ƙila gilashi yake buƙata.

A asibitin ido da farko allon nan mai haruffa aka sa shi ya karanta, manya a sama ƙanana a ƙasa, ya karance har layin da ni kaina sai na ƙanƙance ido. Aka haska cikin idon, aka ce lafiya lau. Har na fara cewa a zuciyata kun gani ko, dama nace iya shege ne, sai na ba likitar labarin bishiyar. Bata ce komai ba ta jawo durowa ta ɗauko wani ɗan littafi, kowane shafi da'ira ce cike da ɗige-ɗige masu kala, manya da ƙanana, a tsakiyarsu an ɓoye lamba. Tace sunan gwajin Ishihara, sunan likitan Japan ɗin da ya ƙirƙiro shi ne tun 1917, cikakken littafin shafi 38 ne, kuma har gobe shi ake fara ɗaukowa ko'ina a duniya. Ta matsa da shi kusa da taga dan tace hasken rana ya fi, ta buɗe shafin farko, yace 12. Daidai. Ashe wannan kowa na gani, an sa shi ne kawai dan a tabbatar mutum ya gane abin da ake so ya yi.

Shafi na gaba ina tsaye a bayansa ina ganin 8 ƙiri-ƙiri, yaro yace 3. Aka buɗe wani, 29 ne, yace 70. Aka zo kan 74 yace 21, babu ko inda-inda a bakinsa, na buɗe baki zan gyara masa likita ta ɗaga min hannu alamar na yi shiru. Wasu shafukan yace babu komai a ciki, alhali ga lamba nan kamar ta yi magana. Amma wanda ya kashe min jiki shine wani shafi da ni ban ga komai ba sai tarkacen ɗigo, shi kuwa nan take yace 5, har yana nuna min da yatsa yana bin layinta. An tsara shafin ne yadda mu masu cikakken gani kalolin za su rikita mu, su kuma tunda kalar bata dame su ba sai su hango siffar. Wato duk tsawon lokacin nan yaron nan gaskiyarsa yake faɗa min, abin da idonsa ya nuna masa yake faɗa, ni ce nake ƙaryata shi.

Can wajen ƙarshe akwai shafin da ke da 26, ya ga 2 ɗin sosai amma 6 ta ɓace masa, a 42 ma 4 kawai ya gani. Tace wannan na nuna ɓangaren kore ne ke da rauni, da ɓangaren ja ne da 6 zai gani ya rasa 2. Ta ƙara masa wani gwajin, wasu 'yan murafe guda 15 masu kala ta barbaza a tebur tace ya jera su bi da bi, kowanne kusa da wanda ya fi kama da shi, ya jera abinsa tsaf yana ta murna, ni dai ina kallo yana haɗa mai ɗan kore-kore da mai ɗan shunayya a matsayin 'yan uwan juna.

Bayanin da ta yi min shine can cikin ido ta baya, inda haske ke sauka, akwai wasu ƙananan sel, wato 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin da aka gina jiki da su, masu karɓar launi iri uku, ɗaya ya fi jin ja, ɗaya kore, ɗaya shuɗi, duk kalar da muke gani a duniya ƙwaƙwalwa ce ke auna saƙon ukun nan ta fitar da ita. In ɗaya babu shi ko kuma ya karkace ya koma kusa da ɗan uwansa, sai wasu kaloli su haɗe su zama abu ɗaya. Ana ce masa makantar launi amma sunan ya yi nauyi, dan ba baƙi da fari yake gani ba kamar tsohuwar talabijin, shuɗi da ruwan ɗorawa yana ganinsu tangaram, ja da kore da ruwan ƙasa da ruwan goro ne ke cakuɗe masa. Kuma haka aka haife shi, ba ƙaruwa zai yi ba, ba kuma warkewa zai yi ba.

Sai ta tambaye ni ko akwai mai irin wannan a dangi. Ni kuwa ko numfashi ban ja ba nace sai dai ko wajen babansa, dan mu dai babu wannan a gidanmu. Abbansu na zaune yana jina ya yi murmushi kawai. Likita ta yi dariya tace Maman yaro, ai wannan ko babansa na da shi ba zai iya ba shi ba, ta wajenki ya biyo. Nace ni? Ni da yanzun nan a gabanki na karance littafin nan tas?

Ta juya bayan wata takarda ta fara zane. Tace kusan kowane sel a jikin mutum yana ɗauke da kromosom 46, an jera su biyu-biyu, wato tagwaye 23, a kowane tagwaye ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Kromosom ɗin nan dogon zaren DNA ne a nannaɗe, a jikin zaren kuma akwai 'yan yankuna da kowanne ke ɗauke da umarnin yadda za a ƙera wani abu a jiki, su ake kira ƙwayoyin gado, mutum na da wajen 20,000. To tunda komai biyu ne, in kwafin da ka samu daga uwa ya samu matsala sau da yawa na uba zai rufa asiri, ko na uba ya lalace na uwa ya riƙe. Inda labarin ya canza shine tagwaye na 23. Mace XX take da shi, namiji kuma XY. X babba ne, ƙwayoyin gado ɗaruruwa ne a kansa, Y kuwa ɗan mitsitsi ne, abin da ke kansa bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta. Umarnin ƙera masu karɓar ja da kore duk a kan X suke zaune. Na shuɗi shi yana can kan kromosom na 7, shi ya sa matsalar shuɗi ba ruwanta da mace ko namiji, kuma ba a cika samunta ba.

Ɗa namiji Y yake karɓa daga babansa, shi ya mai da shi namiji ma, X ɗinsa ƙwaya ɗaya tal kuma daga uwa yake. In wannan ɗayan ya zo da tangarɗa shikenan, babu na biyu da zai tare masa. Ni kuwa X biyu gare ni, ɗaya mai tangarɗar ɗaya lafiyayye, lafiyayyen ya ishe ni ganin duniya da kalarta, ina yawo da ɗayan a ɓoye ban sani ba. Shi ya sa abin ya fi yawa a maza nesa ba kusa ba, a cikin Turawan arewacin Turai kusan namiji 1 cikin 12 ne, mata kuwa wajen 1 cikin 200, dan mace sai ta haɗa biyu, babanta na da shi mamanta kuma na ɗauke da shi. A nan ne ma na tsinci wata da ban je nema ba, wato kenan haihuwar mace ko namiji ba daga uwa take ba, uwa X kawai take da shi da zata bayar, abin da ya zo daga uba ne ke raba gardama. Na kalli Abbansu ya kalle ni, muka bar zancen a nan.

Kafin mu fito ta bani aiki, tace in na koma na zana bishiyar dangi, maza da murabba'i mata da da'ira, na fara da mahaifina da kuma 'yan uwan mahaifiyata maza, dan X ɗina mai tangarɗar ɗayan biyu ne, ko daga Baba ko daga Mama.

A mota ina ta tunani, kawunnaina dai ban san komai a kansu ba. Sai Baba ya faɗo min a rai. Tun tasowarmu Baba bai taɓa zaɓar kayan da zai sa da kansa ba, Mama ce ke fitar masa da riga da hular da zata shiga da ita ta ajiye a bakin gado, mu muna ɗauka tsabar shagwaɓa ce irin ta mazan da aka saba yi wa komai, har tsokanarsu muke yi. In Mama ta yi tafiya kuwa fari yake sawa ko shuɗi har ta dawo. Na kira ta a waya nace Mama wai Baba yana gane ja da kore kuwa? Ta yi shiru na ɗan lokaci sannan tace wa ya faɗa miki?

Ranar da na je gida na buɗe masa hotunan gwajin a waya, duk da likita ta ja min kunne cewa na waya ba abin dogaro bane tunda kowane allo da yadda yake nuna kala, na littafi shine gwaji. Baba ya gyara gilashi ya duba 74 ɗin nan yace 21, tak irin na jikansa. Na rasa dariya zan yi ko kuka. Yace shi tun yana makaranta ya lura akwai abin da yara ke gani shi baya gani, amma ya ɗauka shi ne bai iya sunayen kala ba, kunya ta sa ya yi shiru ya koyi dabara, ganye dai an ce kore ne to kore ne, jini ja ne to ja ne. Nace to Baba danja fa, duk shekarun nan kana tuƙi? Yace ke ma dai, ai ta sama ita ce tsaya ta ƙasa ita ce wuce, kuma haskensu ma ba ɗaya bane a idona. Mutum ya haura 70 bai taɓa sanin abin yana da suna ba. Daga baya mun kai shi an yi masa na littafin, sakamako iri ɗaya da na yaron.

Da na zauna cike bishiyar sai naga abin ya fito kamar lissafi. Baba X ɗaya gare shi kuma shi ya ba kowace 'yarsa mace, babu zaɓi, dan haka ni da Yaya babba da ƙanwarmu dukkanmu muna ɗauke da shi, mu ukun. Yayyena maza kuwa Y suka karɓa a wajensa, sun tsira, 'ya'yansu ma ba zasu same shi ta wannan hanyar ba. Abin ya tsallake 'ya'yan Baba gaba ɗaya ya dira a kan jikoki, jikokin ma na wajen 'ya'ya mata. Shi kansa Baba a wajen mahaifiyarsa ya samo, Allah ya jiƙanta, ita ma ta rayu ta koma bata sani ba.

Inda na ɗan rikice shine maganar rabi. An ce kowane ɗa namiji da zan haifa yana da rabin yiwuwar samu, to ni maza biyu gare ni, babban yana da shi, sai na saki jiki cewa ƙaramin ya kuɓuta tunda an riga an cire rabin. Da muka koma na faɗa wa likita haka tace a'a, kowane ciki sabon jefa kwabo ne, kwabo baya tuna abin da ya faɗo jiya, zaki iya haifar maza huɗu duk suna da shi, zaki iya haifar huɗu babu ko ɗaya. Ƙaramin shekararsa 4 bai gama sanin lambobi ba, sai aka yi masa da shafukan da ake bin lanƙwasasshen layi da yatsa, ya bi su daidai. Sa'a ce kawai ba lissafina ba. 'Yata kuma tana gani lafiya, amma ko tana ɗauke da shi ko bata ɗauke da shi littafin nan ba zai nuna ba, rabi da rabi ne ita ma, sai dai gwajin DNA ko kuma ranar da ta haifi nata.

Abin ya shiga raina har na koma karance-karance da daddare in yara sun yi barci. Ni a da yadda na ɗauki gado shine kamar a zuba fenti biyu a bokiti a juya, jinin uwa da na uba su gauraya a samu tsaka-tsaki. Ashe tun 1865 wani malamin coci mai suna Gregor Mendel a garin Brno, cikin ƙasar Cek ta yanzu, ya nuna ba haka bane, da wani irin wake da ya shafe shekaru wajen 8 yana shukawa a lambu yana ƙirgawa. Ya haɗa mai fure shunayya da mai farin fure, 'ya'yan duk suka fito shunayya, farin ya ɓace ɓat kamar bai taɓa wanzuwa ba. Da ya bar waɗannan suka hayayyafa a tsakaninsu sai ga fari ya dawo, ya ƙirga 705 shunayya 224 fari, kusan uku da ɗaya. Farin bai narke ba, laɓewa ya yi. Ina karantawa ina cewa ai ni ce wannan waken na tsakiya. Bawan Allah ya buga aikinsa a 1866 babu wanda ya kula, ya mutu a 1884, sai a 1900 aka tono aikin nasa aka gane abin da ya hango. Shi kuma wannan salon na bin X, Thomas Morgan ne ya kama shi a 1910 a Amurka, a jikin ɗan ƙaramin ƙuda da ya fito da farin ido maimakon ja, ya lura a jikoki maza ne kawai ke fitowa da farin. Ta irin hanyar nan ce ciwon rashin daskarewar jini ya bi 'ya'yan Sarauniya Biktoriya ta Ingila mata ya shiga gidajen sarautar Turai har ya kai ga ɗan sarkin Rasha na ƙarshe. Da na karanta wannan na gode wa Allah da namu ya tsaya a kan fensir ɗin kala.

Amma kar wani ya ɗauka komai haka yake tafiya dalla-dalla. Tsawo da hasken fata da irinsu ƙwayoyin gado masu yawan gaske ne ke haɗuwa kowanne ya sa ɗan nasa, ga kuma yanayin da yaro ya tashi a ciki, shi ya sa su suke kama da gaurayen fentin, kuma shi ya sa ba zaka zauna da biro ka lissafa tsawon ɗanka yadda na lissafa wannan ba.

Na tambayi likita maganar gilashin nan da ake talla a intanet, wanda zaka ga an sa wa mutum ya fashe da kuka wai ya ga kala. Tace yana iya ƙara wa wasu bambanci tsakanin wasu kaloli, amma baya ƙera abin da babu a ido, kar na sa rai da yawa. Abin da ta fi jaddadawa shine makaranta su sani, kuma shi ma ya sani tun yanzu, dan akwai ayyukan da ake gwada ganin launi kafin a ɗauki mutum, irin tuƙin jirgin sama da na ƙasa da wasu ayyukan lantarki, gara ya san da haka da wuri da ace ya kai bakin ƙofa a dawo da shi. Ta rubuta mana takarda na kai wa malamarsu, ita ma kunya ta kama ta kamar yadda ta kama ni.

Yaya babba ta kai nata maza uku an duba, ɗaya yana da shi, wanda ake yi wa kallon shashasha a gidan saboda baya iya haɗa kaya. Ƙanwarmu kuma cewa ta yi ita bata son jin komai, nata lafiyarsu ƙalau, na ƙyale ta dai amma na tura wa mijinta hoton bishiyar.

Fensiran kalar nan na zauna na naɗa wa kowanne 'yar takarda na rubuta sunansa, ja, kore, ruwan ƙasa, har guda 12. Na ba shi haƙuri kan rankwashin, yace wane rankwashi, shi har ya manta. Satin da ya wuce Baba ya zo mana, na fito daga ɗaki na tarar da su biyun a falo sun baje fensiran a ƙasa sun juya rubutun ƙasa suna cacar canka, Baba ya ɗaga ɗaya yace wannan kore ne, jikan yace a'a Kaka ja ne, suka yi ta musu kowa ya kafe, aka juyo takardar aka ga an rubuta ruwan ƙasa.